Wa Zai Lura Ba Ki Dawo Ɗaki Ba?

Mu da finafinan Indiya muka tashi, daga baya na Koriya suka zo suka same mu a waya. Duk wadda ta daɗe tana kallonsu ta san matsayin ƙawar jaruma a ciki: 'yar aike ce. Ita ke kai saƙo, ita ke riƙe jaka idan za a yi waƙa, ita ke cewa "ke kuwa ki ba shi dama mana, wallahi yana sonki." Da an ɗaura aure, ko an rungume juna a filin jirgi, shi ke nan aikinta ya ƙare, ba mai tambayar inda ta kwana. Littattafan soyayyarmu na Hausa ma haka suke yi da ita, sai dai a ƙara mata da rabon anko.

Shi ya sa nake so in yi wa 'yan uwana ɗalibai maganar wani shiri guda ɗaya kafin in tattara nawa ya nawa in bar makarantar nan. Sunansa da Koriyanci Cheongchun Sidae, wato zamanin ƙuruciya, amma a waya za ku same shi da sunan Hello, My Twenties! ko Age of Youth. Tashar JTBC ta Koriya ta Kudu ce ta fara nuna shi a watan Yulin 2016, kashi 12, sannan aka yi zango na biyu a 2017 mai kashi 14. Mace ce ta rubuta shi, Park Yeon-sun, kuma ana jin hakan a jikin labarin. Ya kwana biyu in aka kwatanta da waɗanda ake yayi yanzu. Babu ɗan mai kamfani da zai faɗa son 'yar talaka, babu sarki babu fada. 'Yan mata biyar ne a gidan haya ɗaya a birnin Seoul, gidan da ake kira Belle Epoque, kicin ɗaya, firij ɗaya, suna faɗa a kan wa ya daɗe a banɗaki. Wadda ba ta kalla ba ta yi haƙuri, zan ɗan fasa ƙwai, don abin da nake son faɗi ba zai faɗu ba sai da haka.

Kashi na farko kaɗai ya ishi duk wadda ta taɓa shigowa hostal da akwatinta ba ta san kowa ba. Yoo Eun-jae ce sabuwa, 'yar shekara 20 daga ƙauye, ta zo karatun halayyar ɗan Adam, ga ta da tsoron mutane. Wadda aka haɗa su ɗaki ba ta ma yi mata magana, sai dai ta manna mata 'yar takarda: rage motsi, kashe wuta. Abin shafa wa burodi da mahaifiyarta ta haɗo mata daga gida, 'yan gidan suka dinga ɗiba ba tambaya. Tana gani tana haɗiyewa, tana cewa ba komai, har ranar da tura ta kai bango ta fashe musu da kuka da masifa. Abin da ya burge ni shi ne shirin bai mai da sauran mugaye ba. Sai ga shi su ma suna da nasu ƙorafin a kanta, sun yi shiru ne kawai. Kowace tana ganin ita ce mai haƙurin. Mu shida ne a ɗakin da aka rubuta wa mutum huɗu, kuma lokacin da muka kalli wurin nan muna ND I, waya ɗaya a jingine jikin bokiti, ba wadda ta kalli 'yar uwarta. Kowa ta tuna da yajinta ko man shanunta da ya ƙare ba ta san yadda aka yi ba.

Sai kuma maganar fatalwa. Song Ji-won, mai karatun jarida, bakinta ba ya shiru, kullum kukanta ba ta taɓa yin saurayi ba. Wata rana suna zaune ta ce ita fa tana ganin fatalwa, kuma akwai ɗaya a ma'ajiyar takalman da ke bakin ƙofa. Ƙarya take yi, daga baya ta faɗa da bakinta. Amma maimakon a yi dariya a wuce, sai kowace ta ɗauka tata ce ta biyo ta. Eun-jae na ganin da hannunta a mutuwar mahaifinta. Kang Yi-na ta tsira daga hatsarin jirgin ruwa da wata yarinya ta mutu a ciki, tun ranar ba ta ƙara ɗaukar ranta a bakin komai ba. Yoon Jin-myung kuwa akwai wanda take fatan ya mutu. Mutum biyar suna cin abinci a tebur ɗaya, suna aron man wanke gashi, kuma ba wadda ta san abin da ke hana ta kusa da ita barci. Wannan ba sai an je Seoul ba. Na yi wata bakwai ina kwana a gadon da ke saman na wata kafin in san cewa kuɗin makarantarta daga kitson da take yi ranar Asabar da Lahadi yake fitowa, kuma daga ciki take tura wa ƙannenta.

Ita ce muke kira Anti, ita ce babbarmu, kuma saboda ita nake kasa kallon Jin-myung ba tare da maƙogwarona ya ɗaure ba. Jin-myung shekararta 28 amma har lokacin ba ta gama jami'a ba, don sai ta dakata ta nemi kuɗi sannan ta dawo. Tana koyar da yara darasi a gida, tana hidima a gidan abinci, da dare tana tsaron kanti. Ƙaninta ya shekara shida kwance a asibiti bai san inda kansa yake ba, bashi ya yi wa mahaifiyarsu katutu, masu bin bashin kuma ita suke tarewa. Shi ne wanda take fatan Allah ya ɗauke, kuma ta tsani kanta a kan hakan. Akwai mai dafa abinci a wurin aikinta, Park Jae-wan, mutumin kirki, yana sonta tsakani da Allah. A wani shirin da nan labari ya ƙare: ya biya bashi, ya share hawaye. Ita kuwa roƙonsa ta yi ya daina sonta, don idan ta saba da jingina da wani ba za ta iya ci gaba da tsayuwa ba. Na ji 'yan mata da yawa suna cewa ta cika taurin kai. Ni ban ga haka ba. Wadda ke lissafin kuɗin mota kafin ta amsa gayyatar biki ta san soyayya ma tana da kuɗin shiga, ko da na lokaci ne. Han Ye-ri ce ta fito a matsayinta, wadda daga baya ta yi fim ɗin Minari, kuma yawancin wasanta da tafiya take yinsa, irin tafiyar wanda ƙafarsa ke ciwo amma ba ya son a sani.

Wani abu da ya ba ni dariya: su ma ba sa kiran na gaba da su da gatsal. Jin-myung "Yoon sunbae" suke ce mata, wato wadda ta riga su shiga makaranta, Yi-na kuma "Kang unni", yadda mace ke kiran yayarta. Anti da Yaya ke nan. Muka yi sati muna kiran Anti da sunbae har sai da ta yi rantsuwar za ta daina ara mana risho.

Ba komai na shirin zan wanke ba. Suna shan giya kamar ruwa, murna giya, baƙin ciki giya. Yi-na kuma maza ne ke ɗaukar nauyinta, su biya haya su sayi jaka, kuma shirin bai ɓoye abin da suke karɓa a madadi ba. Akwai wuraren da muka tura gaba, akwai hirar Ji-won da ba za ki so ƙaninki ya karanta fassararta ba. Rayuwarsu ce, a ƙasarsu, da tarbiyyarsu, ban zo in ce a kwaikwaya ba. Amma ko a nan akwai abin lura. Yi-na da Jin-myung kowace na kallon ɗayar tana jin haushi, kuma a ƙarƙashin haushin kishi ne: ɗaya na ganin wahalar banza ake sha, ɗaya na ganin ga hanya mai sauƙi da ta hana kanta. Ba wa'azi ne ya sa Yi-na ta bar wannan rayuwa ta kama aikin kanti ba. Zama da mutumin da ke tashi da asuba yana fafutuka ne ya dame ta. Soyayyar Eun-jae da wani na gaba da ita a sashensu, Yoon Jong-yeol, tana da daɗin kallo, irin ta farin shiga, kunya da tuntuɓe. A zango na biyu sun rabu. Iyakar abin da zan ce a kanta ke nan.

Wadda na zo dominta ita ce Jung Ye-eun.

Ye-eun 'yar gayu ce, mai son ruwan hoda, mai zuwa coci, mai lissafin abin da za ta ci don kada ta yi ƙiba. Saurayinta Go Doo-young. Tun kashin farko mai kallo ya san ba mutumin arziki ba ne: ya shanya ta tana jira, ya daka mata tsawa, ya wulaƙanta ta, gobe ya turo saƙo mai daɗi ta manta. Abin da shirin ya kama daidai shi ne aikin da take yi bayan kowane wulaƙanci. Kafin ta iso gida ta gyara labarin, ta yi masa kwalliya, ta shigo tana murmushi tana ba su labarin irin son da yake mata. 'Yan gidan sun san ƙarya ce. Ita ma ta san sun sani. Da ƙyar ta iya rabuwa da shi, shi kuma da ya ga ta ci gaba da rayuwarta tana dariya, sai ya ɗauka raini ne. Ya sace ta ya kulle a ɗakinsa, ya ɗaure ta, ya dake ta, yana amsa saƙonni da wayarta don kada a neme ta.

Ba ɗan sanda ne ya gano ba, ba wani sabon saurayi ba, ba iyayenta ba. Waɗannan huɗun da take faɗa da su a kan wanke-wanke ne suka ga abin bai yi kama da Ye-eun ba. Sun san yadda take rubutu, sun san ba ta kwana a waje haka kawai, sun san abin da za ta bari da wanda ba za ta taɓa fita ba shi ba. Suka je har ƙofarsa, tsoro fal cikinsu, suka shiga. Eun-jae, matsoraciyar nan da ba ta iya cewa a bar mata abincinta, ita ce ta tunkari wuƙa har ta yanke ta a hannu. Sanin da ya ceci Ye-eun irin wanda ba a samunsa sai an gaji da mutum ne, sai an ji minsharinsa, an san ƙarar takalminsa a baranda.

A farkon wannan shekarar aka kawo mana sabuwa, 'yar ND I. Zan kira ta Ƙarama, don haka muke ce mata. Na karanta mata wannan sashen kafin in miƙa, ta ce in bar shi tunda ba suna, kuma a cewarta ai ba wani abu ba ne. Tana da saurayi a nan cikin makaranta, yana gaba da mu. Da farko mu ma mun yaba, don yana kawo kaza. Sannan muka fara lura. Ya san lambobin buɗe wayarta. Idan ta ce tana ɗaki sai ya kira ta bidiyo ta zagaya da wayar ya ga bango, har mu sai mun ja mayafi. Ta fita daga zauren WhatsApp na ajinsu don akwai maza a ciki, saboda haka sau biyu ana sauya lokacin gwaji ba ta sani ba. Wata rana ta dawo da shaida a tsintsiyar hannu, ta ce bokiti ne. Duk cikinmu ba wadda ba ta ɗauki bokiti daga famfo zuwa hawa na biyu ba. Bokiti ba ya barin yatsu huɗu.

Kun san abin da ake cewa. Ba a shiga tsakanin masoya, gobe za su shirya a bar ki da kunya. Kishi ai so ne. Tunda ya ce zai turo, a rufa asiri. Kuma akwai wani abu da ya sa namu ya fi na Ye-eun wuya: ita kowa ya san tana da saurayi. Mu nan yarinya da yawa gida ba su san tana kula kowa ba, to idan ya mare ta wa za ta kai wa ƙara? Ta faɗa wa Baba, tambayar farko ita ce me ya kai ki wurinsa, ta biyu kuma tattaro kayanki karatun ya isa haka. Shi ma saurayin ya san da wannan, da shi yake riƙe ta. Duk duniya ba wanda ya rage ya san halin da take ciki sai waɗanda ke jin kukanta cikin filo ƙarfe ɗaya na dare.

Anti ce ta yi maganar, bayan sallar isha, muna zaune duka. Ba ta zage shi ba. Ta ce, "Ƙanwata, hannun nan ba bokiti ba ne, kuma mun gani. Ba za mu kai ki gida ba, ba za mu kai ki ko'ina ba, amma ba za mu yi kamar ba mu gani ba." Ƙarama ta miƙe ta ce baƙin ciki muke mata, mu da ba mai zuwa wurinmu sai masu neman aron littafi. Ta ce Anti ta tsufa a titi shi ya sa. Wannan ta yi zafi, na ga fuskar Anti. Sati uku ba ta ci abinci da mu ba, ba ta gaishe mu ba, ta dawo da sayen awara a bakin get. Mu kuma kullum in an sauke tukunya sai a zuba nata a rufe a ajiye a kan akwatinta. Da safe a same shi yadda yake, wata ta ɗumama ta ci. A sati na huɗu muka wayi gari kwanon a wanke.

Ba su rabu ba. Na so in ce muku sun rabu, amma har jiya ya kira bidiyo. Abin da ya sauya kaɗan ne. Ta sauya lambobin wayarta ta ce masa lalacewa ta yi. Ta koma zauren ajinsu. Kuma ta amince da dokar da muka kafa wa kowa, har Anti, don kada ta ga ita aka nufa: duk mai fita ta faɗi inda za ta da wanda za ta gani, idan an yi isha ba ta dawo ba za a kira, kuma saƙon rubutu ba ya wadatarwa, sai an ji murya. Wannan na ƙarshen daga shirin muka ɗauko shi, ba na musu.

Ku kuma 'yan uwa maza da ke karanta wannan kuna cewa ga su nan, 'yan ɗaki masu zuga, na san sunan da kuke kiranmu da shi. Wanda ke da niyyar alheri ba abin da zai rage masa don budurwarsa na da mutum biyar da suka san inda take. Idan abokinka ne ke duba wayar yarinya yana murɗe mata hannu, kai ma ɗan ɗaki ne, kuma maganarka za ta fi tamu shiga kunnensa.

Zango na biyu bai kai na farko ba a wurina, musamman da aka sauya wadda ke fitowa a Eun-jae, Ji Woo ta maye gurbin Park Hye-su, na daɗe ban saba ba. Amma ya yi gaskiya a wuri biyu. Ye-eun ba ta warke don an cece ta ba. Ta dawo cikin baƙaƙen kaya, ba ta iya fita ita kaɗai, sai an raka ta. Kuma saƙonnin cin mutuncin da aka dinga turo mata a ɓoye, ashe daga wata ƙawarta ta kusa suke, wadda ke raka ta ɗin. Wato marubuciyar ba ta ce duk ƙawa alheri ce ba, mu ma mun san masu kai rahoto wurin saurayi don a saya musu kati. A zangon ne kuma aka gano abin da ke ƙarƙashin surutu da ƙaryar Ji-won, wani abu da ta gani tana yarinya ya faru da ƙawarta a hannun malaminsu. Park Eun-bin ce ke wasan, wadda da yawa suka sani daga baya a Extraordinary Attorney Woo na 2022. Kallon wurin nan sai da shiri.

Wuri na biyun shi ne Yi-na ta bar gidan, wata doguwa mai suna Jo Eun ta shigo ta gaji gurbinta, gida ya ci gaba kamar ba a yi ba. Wannan ne ke damuna yanzu. Saura makonni mu kare firojet mu yi jarabawar ƙarshe. Mu biyar za mu fita. Ni da wata za mu nemi wurin IT na shekara guda, in Allah ya sa mu dawo HND, kuma ba tabbas a nan ɗin. Biyu an sa musu rana. Kun san yadda ake yi, amarya na tarewa ake sauya mata layi, sai ki kira a ce a kashe yake, sai bayan shekara biyu ki ji labarin suna a bakin wata. Anti za ta koma garinsu ta buɗe shagon kitso. Ƙarama kaɗai za a bari a ɗakin, da baƙin fuska biyar da ba su san yadda take rubuta saƙo ba, ba su san cewa in ta ce "lafiya lau" ba tare da ta ƙara komai ba to ba lafiya ba. Shi kuma yana nan, saura masa shekara.

Mun yanke za a bar mata risho da babbar tukunya. Anti ta riga ta fara bin 'yan ajinsu tana tambayar wa da wa ke neman ɗaki a zango mai zuwa, tana tantance su kamar mai zaɓen suruka, ta samu biyu da ta ce suna da ido. Ni kuma na tura mata shirin duka a waya, tunda lokacin da muka kalla ba ta zo ba. Ban ce mata komai a kai ba, na ce dai na rage dare ne in an ɗauke wuta. Ta kai kashi na biyar. Shekaranjiya ina haɗa babi na huɗu na firojet ta leƙo daga gadonta, abin ji a kunne ɗaya, ta ce, "Yaya, wai ita wannan Ye-eun ɗin ba ta da hankali ne? Mutum yana mata haka tana binsa?"

Na ce ta ci gaba da kallo, akwai saura bakwai.